Dan Allah a taimaka min: ana daukar kanjamau ta wasan baki? Kwana 19 bana bacci

Bawan_Allah_Jidda ya rubuta:

Assalamu alaikum yan uwa. Sabon suna na bude dan akwai wadanda suka sanni anan, dan Allah kar wanda ya biyo ni ta bayan fage yana tambayar ko waye. Shekarata 29, direban gida ne ni a Jidda shekara hudu kenan, kuma an sa min rana a gida Kano, nan da sati 8 zan tafi hutu, daurin auren kuma sati uku bayan isata.

Kwana 19 da suka wuce shaidan ya rinjaye ni. Wata mata ce muka hadu ta waya, ban san tarihinta ba, ko sunan da ta fada min ban tabbata nata bane. Bamuyi saduwa irin ta miji da mata ba wallahi, wannan Allah ya tsare, amma tayi min wasa da baki har na kawo, nima kuma na sa mata baki a gabanta na dan lokaci, bazai wuce minti biyu ba. Kunya kamar in nutse nake ji ina rubuta wannan amma in na boye ba za'a bani amsar da ta dace ba. Abinda yafi daga min hankali dasashina yana dan yin jini wani lokacin in na goga aswaki da karfi, kuma na tuna ranar nayi aswaki kafin la'asar, abin kuma ya faru wajen tara na dare.

Kwana biyu da yin abin makogwarona ya fara kaikayi. Daga nan na shiga Google, to tun ranar ban sake samun kaina ba. Duk alamar da na karanta sai in ji ta a jikina, harshena naga yayi fari, wuyana kamar akwai kaluluwa a bangaren hagu dan na taba wajen yafi sau dari har ya fara min ciwo, gumi cikin dare, ga wasu kananan kuraje a kirjina. Na sayi abin auna zafin jiki a saidaliyya, wato kantin magani, ina aunawa kusan sau goma a rana, kullum 36.8 ko 37 yake nunawa amma zuciyata taki yarda. Jiya a danja akan Tarik Madina na tsaya ina duba harshena a madubin mota har fitila ta bada hannu ban sani ba sai da akayi ta min hon, madam tana baya tace min lafiya kake kuwa, nace ciwon kai ne. Abinci baya shiga, wandona har ya fara sabulewa. Na ware kofina da cokalina daga na abokin dakina dan kar in cuce shi. Yarinyar da zan aura ta kira ni sau shida jiya ban daga ba, me zan ce mata.

Gwajin kuma tsoro nake ji, kowa ya san in aka samu bako da kanjamau a kasar nan ta Saudiyya tarhil ne, wato a mayar da shi kasarsa, ni kuma ni ke rike da mahaifiyata da kannena hudu. Matar na kira ta in tambaye ta lafiyarta ta zage ni ta toshe ni.

Masu ilimin abin nan dan girman Allah ku fada min gaskiya ko daci ce, ana dauka ta wannan hanyar? Alamun nan nata ne? Yaushe zanyi gwajin da zan yarda dashi? Na tuba, nayi kuka a sujjada, amma tsoron yaki tafiya.

Maman Hanifa (Madina) ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi aiki a sashen masu wannan lalurar a gida kafin in zo nan, saboda haka zauna ka karanta a natse, kar ka yi ta tsallake layi kana neman inda zan ce ka kamu.

Abu biyu ka yi, kowanne da hukuncinsa. Na farko, ita ta sa maka baki. Abin da ya taɓa jikinka a nan yawu ne, shi kuma yawu ba ya yaɗa HIV, ƙwayar ba ta da yawan da za ta kama wani a cikinsa, kuma akwai sinadarai a yawun da ke raunana ta. Shi ya sa sumba ba ta yaɗawa, kofi ɗaya ba ya yaɗawa. Wannan ɓangaren ka cire shi daga lissafi. Kawowar da ka yi ma ruwanka ne ya fita, ba nata ne ya shige ka ba.

Na biyu, kai ka sa mata baki. A nan ne likitoci ba sa cewa sifili kai tsaye, don a ka'ida ruwan gaban mace yana iya ɗauke da ƙwayar, amma haɗarin ƙanƙani ne ƙwarai da gaske, har hukumar CDC ta Amurka da ta fitar da lissafin kowace hanya ba ta iya sa masa lamba ba. Ka duba: idan namiji ya sadu da mace mai ɗauke da cutar wadda ba ta shan magani, ta gaba, ba kwaroron roba, ƙiyasinsu sau 4 ne cikin 10,000. Mace daga namiji 8 cikin 10,000. Wanda aka sadu da shi ta dubura 138 cikin 10,000, ita ce mafi haɗari a hanyoyin jima'i. Ƙarin jini mai cutar kuwa ya haura 9,000 cikin 10,000. Da aka zo kan baki sai suka rubuta "kaɗan" kawai. Akwai wani bincike da aka yi a Madrid ta ƙasar Sifen aka buga a 2002, mutum 135 da abokan zamansu ke da cutar tabbas, aka bi su shekaru, aka ƙirga wasan baki ba kariya sama da sau 19,000, ko mutum ɗaya bai kamu ba. Waɗannan fa an san abokan zaman nasu suna da ita. Kai ko sanin matar nan tana da ita ba ka yi ba, zato kake, kuma mafi yawan mutane ba su da ita, ko a Najeriya binciken ƙasa na 2018 kashi 1.4 cikin ɗari ya nuna a 'yan shekara 15 zuwa 49.

Abin da ke ɗan ɗaga haɗarin baki shi ne gyambo a buɗe a bakin, ko an cire haƙori kwanan nan, ko dasashi mai zubar da jini sosai a daidai lokacin, ko jinin al'ada, ko maniyyi a bakin mai yin. Aswakin la'asar da abin da ya faru ƙarfe tara, awa biyar ne tsakani, ɗan jinin aswaki cikin mintuna yake tsayawa.

Yanzu alamun. Maƙogwaro a kwana na biyu ba na HIV ba ne, ba ta nuna kanta da wuri haka, masu samun alamun farko sati 2 zuwa 4 suke samu, kuma yawanci da zazzaɓi na gaske suke zuwa. Kai 36.8 kake gani. Mutumin da ke yini cikin mota da AC a fuskarsa ya fito cikin zafi da gumin Jidda ya koma cikin sanyi, maƙogwaro da ƙurajen zafi ai abokan zamansa ne. Farin harshe kuwa duk wanda ba ya cin abinci ba ya bacci bakinsa na bushewa zai gan shi. Kaluluwar wuya in ka yi ta latsa ta sau ɗari dole ta yi ciwo ko da lafiyarta ƙalau. Amma ka riƙe wannan da kyau: ba a gane HIV da alamu, ko a ce akwai ko a ce babu. Gwaji ne kawai.

Lokacin gwaji ya danganta da irinsa. Wanda ake ɗibar jini a jijiya a kai lab, mai neman ƙwayar da garkuwar jiki a tare, yana kamawa daga kwana 18 zuwa 45, saboda haka in ka yi shi a kwana 45 ya fito babu, magana ta ƙare. Na tsira yatsa mai fitowa nan take wani yana ɗaukar har kwana 90 kafin a rufe magana da shi. Akwai PCR mai neman ƙwayar kai tsaye daga kwana 10 zuwa 33, yana da tsada kuma ni ban ga dalilin kashe kuɗinka a kansa ba kan wannan abin. Maganin riga-kafin gaggawa da ake kira PEP cikin awa 72 ake fara shi a sha kwana 28, lokacinsa ya wuce, kuma kar ka ci kanka da "da na sani na sha", a irin abin da ka faɗa yawancin likitoci ba za su ma rubuta maka ba.

Abin da ni na fi so ka sa wa ido ba kanjamau ba ne. Ciwon sanyi, tunjere da herpes mai fito da ƙurajen ruwa a leɓe ko gaba su ne baki ke yaɗawa da sauƙi, su kuma ba ka ko ambace su ba. In ka ji zafin fitsari ko ka ga ruwa kamar mugunya yana fita a gabanka, ko ƙurji ɗaya marar zafi a gaba ko a leɓe, wanda na tunjere yakan fito wajen sati uku, je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a duba ka kar ka jira. Sanyi da tunjere duk ana warkewa da allura. Kuma kafin aure ka sa a haɗa maka da gwajin tunjere ko ba ka ga komai ba, don yarinyar mutane.

Ka mayar da kofinka cikin na abokin ɗakinka yau.

Sadauki_Riyad ya rubuta:

Dan uwa karka tsaya jiran kwana 45, ka nemi ampiclox ka sha na sati daya ya wanke jinin tun kafin abin ya zauna, ka hada da man habbatus sauda da zuma safe da yamma da zamzam, sannan kaje ayi maka kaho a bayan wuya ya fitar da mataccen jini. Wani abokina haka yayi kuma da yaje gwaji ba'a ga komai ba. Allah ya rufa asiri

Maman Hanifa (Madina) ta rubuta:

Malam Sadauki na san taimako ka yi niyya, amma don Allah a'a. Ampiclox ba ya taɓa ƙwayar HIV ko kaɗan, ba irin ƙwayoyin da yake kashewa ba ce. Abokinka bai kamu ba ne tun asali, kamar yadda mafi yawan masu irin wannan tsoron ba su kamu ba, ba maganin ne ya wanke shi ba. Illar ma ita ce in akwai ciwon sanyi zai iya lafar da shi sama-sama ya rikita gwaji, cutar tana nan. Nan Saudiyya ma tun 2018 aka tsananta hana saidaliyya sayar da irin waɗannan magungunan ba takardar likita. Zuma da habba da zamzam ya sha abinsa, alheri ne, amma kar su zama madadin gwaji. Ƙaho kuma in zai yi ya je wuri mai lasisi da ake buɗe sabuwar aska a gabansa, don askar da aka tsaga wani da ita ta fi abin da ya kawo shi nan haɗari nesa ba kusa ba, musamman ga ciwon hanta.

Dan Hindawiyya ya rubuta:

Abokina karanta rubutunka sai da naji kwalla, dan kamar ni na rubuta shi shekara uku baya. Nawa ma bai kai naka ba, ita kadai tayi min. Ni ba zanyi maganar likita ba Anti Maman Hanifa ta gama wannan, zan fada maka abinda babu wanda ya fada min ne, shine gwajin kansa baya kashe tsoron in ka bari tsoron ya zama sana'arka.

Sau bakwai nayi gwaji cikin wata goma sha daya. Bakwai. Na farko ya fito lafiya nayi murnar kwana biyu sai zuciyata tace ai yayi wuri, na biyu tace kila sun hada jininka dana wani, na uku tace kila kana cikin wadanda jikinsu baya nunawa, na karanta wani abu a intanet karfe uku na dare shikenan na koma farko. Kudin da na tara zan aika a sa rufin dakin tsohuwata rabinsu a lab suka kare. Har takardun nake dauka hoto ina zuko su ina duba ko sunana ne da gaske. Na taba tsayawa a bandakin masallaci da fitilar waya ina leka makogwarona har aka tada sallah aka idar ina ciki. Lokacin nan da munje Umra da yan dakinmu kowa ya dawo da tari da mura kamar yadda aka saba in an shiga cunkoson Harami, su suka sha Panadol suka warke, ni nace shikenan ta bayyana.

Wanda ya gane ni wani likita ne dan Sudan dattijo, da naje na bakwai ya jera takardun gabansa ya kalle ni yace dana jininka lafiya yake tun takarda ta biyu, ciwonka a nan yake, ya nuna kirjinsa. Yace waswasi ne kuma cuta ce da ake magani kamar hawan jini, ya tura ni wajen likitan kwakwalwa, da farko naji haushi nace ni ba mahaukaci bane, amma naje. Anyi min zaman magana kuma na sha magani na wasu watanni. A can aka koya min cewa duk sanda ka duba wuya ko ka shiga Google kana samun sauki na minti goma, kwakwalwarka sai ta koyi cewa dubawar ce ke cetonka, sai ta kara turo maka tsoron dan ka sake dubawa. Kamar sosa kaikayi ne. Hanyar fita itace ka ji tsoron yazo ka ki dubawa, ka barshi ya hau ya sauka da kansa, ranar farko kamar zaka mutu, sati biyu sai kaga ya fara sanyi.

To ga abinda zan roke ka. Abin auna zafin nan ka ba abokin dakinka ya kulle a akwatinsa. Madubin mota na kallon hanya ne, rayukan mutane ne a bayanka, ni wannan danjar ta fi bani tsoro akan cutar wallahi. Ka sa ranar gwaji daya a kalandar waya, ka yiwa kanka alkawari tun yanzu cewa abinda ya fito ka karba. Ka ci abinci ko baka so, ko ful da tamis ne da safe ka tura. In an tashi aiki ka fita Kornish bakin teku kayi tafiya har ka gaji, jikin da ya gaji yana bacci. Kuma in ka kai sati biyu nan gaba baka bacci, ko zuciyarka ta fara raya maka gara mutuwa, wannan kar ka boye shi, ka ga likita a ranar, ko 937 ka kira na ma'aikatar lafiya, ba sai ka bada labarin matar ba, kace bacci da fargaba ne suka hana ka sakat.

Baba Alhaji Misfala ya rubuta:

Yaro, abin da ka aikata saɓo ne kuma ka sani, ba sai na ƙara maka ba, wanda ya yi kuka a sujjada ba ya buƙatar a tuna masa. Sharuɗɗan tuba ka daina, ka yi nadama, ka ƙudurce ba za ka koma ba. Ka goge lambar, ka goge inda kuka haɗu a wayar. In ka yi haka to ka kyautata wa Ubangijinka zato, Shi ne Ya ce kada bayinSa da suka yi wa kansu ɓarna su yanke ƙauna daga rahamarSa.

Abin da na lura da shi a maganarka, ka haɗa abu biyu ka ɗaure wuri ɗaya. Kana ganin tunda ka yi laifi dole a hukunta ka da cuta, shi ya sa duk bayanin da aka yi maka zuciyarka za ta ce ai ni na cancanta. Wannan ba tsoron Allah ba ne, shaiɗan ne ya dawo ta wata ƙofar, jiya ya ƙawata maka saɓo yau yana hana ka bacci da cin abinci da kula da mahaifiyarka. Cuta ba ma'aunin zunubi ba ce. Shekarata arba'in da wani abu a Makka, na wanke gawar mutanen kirki da cuta ta cinye, na ga fajirai da suka tsufa garau. Akwai jariran da aka haifa da wannan cutar, wane laifi suka yi.

Kada ka je ka zazzage wa yarinyar nan labari don ka sauke nauyin ƙirjinka a kanta, Allah Ya suturta ka ka suturta kanka. Amma haƙƙinta ne kada ka kusance ta sai ka tabbatar da lafiyarka da takarda a hannu, wannan wajibi ne ba zaɓi ba. Ka bi abin da 'yar nan ma'aikaciyar asibiti ta faɗa maka, ita ce ta san fannin.

Bawan_Allah_Jidda ya rubuta:

Na gode Baba, na gode Anti, Dan Hindawiyya Allah ya biya ka, wallahi na karanta naka sau uku. Anti saura tambaya daya, maganar tarhil din nan. In yi gwajin anan a kwana 45 ko in bari sai naje gida? In na lissafa ranar da zan sauka Kano kwana 75 kenan. Kuma in Allah ya kaddara akwai, shikenan rayuwata ta kare ko? auren fa

Hajiya_Uwa ta rubuta:

Bari ni in amsa maka ta karshen dan ni ce a cikinta. A Makka na girma a Share Mansur, yanzu ina Kano. A 2016 aka gano ina da ita wajen awon ciki, daga mijina na farko na samu Allah ya jikansa, shi bai taba sani ba sai da ya kwanta. Ranar da aka fada min na dauka ko haihuwar ba zan gani ba. Yau shekara nawa, kwaya daya nake sha kullum da daddare bayan isha'i, kyauta nake karba a asibitin gwamnati, ina sana'ata ta dinki, azumi baya wuce ni. Yaron da nake dauke da cikinsa lokacin bashi da ita saboda na sha magani shima an bashi nasa da aka haife shi. Na sake aure, mijina ya sani tun kafin a daura, bashi da ita har yau, mun haifi mace itama lafiyarta kalau. Duk sanda aka auna yawan kwayar a jinina ba'a ganinta, kuma likitoci sun tabbatar wanda maganinsa ya danne kwayar haka baya sa wa abokin kwanciyarsa.

Ban fada maka wannan dan ina zaton kana da ita ba, ni a yadda ka bada labari banga ta inda zata shige ka ba. Na fada ne dan naji zafin maganar ware kofi. Nasan tsoro ne yasa ka, ban rike ka ba, amma haka wata yar uwata tayi min shekara biyu, kwanona daban, in na tashi daga tabarma sai ta kakkabe, yarana in sun je gidanta ba'a basu ruwa a kofin gidan. Cutar bata taba sa ni kukan da wannan kofin ya sani ba.

Kuma ka daga wayar yarinyar nan dana. Ita bata san komai ba, tana can tana tunanin ko ka fasa ne, ko wani ya kai gulmarta. Kace mata aiki ne da rashin bacci suka sha kanka, ai ba karya kayi ba.

Maman Hanifa (Madina) ta rubuta:

Hajiya Allah Ya ƙara lafiya, kin faɗi abin da ni ba zan iya faɗa kamar ke ba.

Ƙanena maganar tarhil ba zan ɓoye maka ba, tsarin ƙasar nan baƙon da aka tabbatar yana da ita ana mayar da shi ƙasarsa, shi ya sa ake gwada mu kafin biza da lokacin yin igama, wato katin izinin zama. To amma ka auna da hankali. A abin da ka faɗa, ni ina sa ran babu ne da ƙarfin gaske, saboda haka in jiran yana cinye ka, ka yi na jijiya a kwana 45 a nan ka huta, saura kwana 26. In kuma ka san fargabar shiga lab a nan za ta fi ƙarfinka, jira zuwa gida ba zai cutar da kai ba matuƙar ba ka kusanci kowa ba kuma ba ka ba da jini ba. Kwana 75 ya wuce 45 da nisa, ka nemi na jijiya kana sauka. In na yatsa ka samu, ka maimaita a kwana 90, wanda zai zo kwana shida kafin ɗaurin aurenka. Dama tun 2024 dokar Kano ta wajabta gwajin kafin aure, HIV da ciwon hanta da rukunin jini na sikila, saboda haka ba wanda zai yi maka kallon komai, kowane ango yana yi. Ka zaɓi ɗaya cikin biyun yau ka tsaya a kai, kar ka yi ta juyawa.

Abu ɗaya da nake faɗa wa kowa kafin gwaji don kar ya firgita: gwajin farko na tacewa ne, wani lokacin yana nuna alama a jinin da ba komai, shi ya sa ba a ce wa mutum yana da ita sai an tabbatar da gwaji na biyu. Dasashin nan kuma ka kai wa likitan haƙori a wanke maka, yawanci dattin da ya daskare a gindin haƙora ne ke sa jinin, ka kuma rage ƙarfin hannu a aswakin.

Bawan_Allah_Jidda ya rubuta:

Hajiya ki yafe min, wallahi ban san zai taba wani haka ba, na mayar da kofin, dazu ma tare muka ci kabsa da abokin dakina a faranti daya. Na zabi na gida Anti, na sa ranar a waya. Na kira ta munyi magana kusan rabin awa, tayi fushi da farko sannan ta shiga bani labarin kayan daki. Jiya nayi baccin awa biyar, karon farko. Amma da asuba na farka hannuna yana wuyana ina latsawa ban ma san na kai shi ba, sai gabana ya sake faduwa.

Dan Hindawiyya ya rubuta:

Haka zai rika yi maka, ni nafi wata ina farkawa a haka. In ka tsinci hannun a wuya ka sauke shi kawai ka tashi kayi alwala, kar ka tsaya tantance ko ta kara girma. Ka ba abokin dakin naka abin auna zafin ko yana nan karkashin filo?